Masu Fararen Kaya

"Sake kunna shi," in ji Yaya. "Ƙarar injin nan ba ta bar ni na ji ƙarshen ba."

"Sau nawa zan kunna miki? Ai maganar ba canjawa za ta yi ba."

"Ke dai kunna. Na fi ki sanin bambancin namiji mai fushi da namiji mai neman a lallashe shi."

Auta ta tsayar da dutsen guga, ta goge tafin hannunta a rigar aiki, ta danna wayar. Muryar mijinta ta fito daga can ƙarshen duniya, a gajiye, kamar wanda ya daɗe yana juya maganar a baki kafin ya sake ta:

"Mai guga, idan akwai magana a ranki, ki faɗa min ita kai tsaye. Ba sai kin biyo da ita ta kan ƙwallo ba. Na ji, kuma na gane."

Daƙiƙa goma sha ɗaya, shi ke nan. Babu gaisuwa a farko, babu "ki gaida Yaya" a ƙarshe, abin da bai taɓa mantawa da shi ba tun ranar da ya tafi.

Yaya ta taɓe baki, ta ci gaba da cusa zannuwan gado cikin inji. "Wannan kam fushi ne. Me kika yi wa Dogon naki?"

"Jaje na yi masa! An cinye mu jiya, na ce ya yi haƙuri. Yanzu jaje ma ya zama laifi?"

"To ni ina na sani? Ku da wasan kulkinku."

Auta ta koma kan rigar da take gogewa, sai ta ga kwalar tana rawa a idonta. Ta ɗaga kai sama da sauri, don kada hawaye ya ɗiga a kayan mutane.

Shagon wanki da guga ne, gadon mahaifiyarsu: ƙofa ɗaya, taga ɗaya, injinan wanki biyu, da na busarwa ɗaya mai tari idan ya gaji. Yaya ke wanki, Auta ke guga, haka aka raba tun Auta tana taka akwati kafin ta kai tsawon tebur. A nan Dogo ya same ta. Ya kawo farar rigarsa guda ɗaya tak, ana gobe zai je neman aikin tuƙi, ya tsaya yana jira kansa na shafar rigunan da ke rataye. Ita kuwa garin satar kallonsa ta manta dutsen a bayan rigar, sai da ƙauri ya tashi. Shatin dutsen guga ya fito sak, can ƙasan baya. Ta so ƙasa ta tsage ta shige. Shi kuma ya ɗaga rigar ya duba, ya ce ba komai, ai wurin cikin wando yake shiga. Ya samu aikin. Daga nan ya riƙa kawo kayan da ko datti ba su yi ba, har Yaya ta ce masa, "Bawan Allah, in aure kake so ka faɗa, ka daina ɓata mana sabulu."

Shekara uku ke nan da tafiyarsa ƙasar waje. Yana tuƙa bas a wani babban birni mai nisa, inda yammacinsu yake safiyar nan. A shekarar farko waya har zafi take yi a kunnenta. A ta biyu hira ta fara tsinkewa. A ta uku kuwa abin ya koma kamar cike fom: Lafiya? Lafiya lau. Ya aiki? Da godiya. Ya Yaya? Tana gaishe ka. Sai shiru, tana jin firjinsa yana gurnani a ɗakin da ba ta taɓa gani ba sai ta gilashin waya. Ba faɗa suka yi ba. Da faɗa ne ma da ta san inda za ta kama. Hirar ce kawai ta koɗe, kamar rigar da aka yi ta wankewa har aka manta asalin launinta.

Kuma Auta ta san sanadin. Yana cikin aljihun teburin guga, ƙarƙashin gwangwanin da suke tara abin da suka tsinta a aljihun mutane, maɓallai da murafen biro da makullan da ba a zo nema ba. Ambulan ce mai ruwan ƙasa. Dogo ya shekara biyu yana zirga-zirga a ofisoshi kafin a yarda matarsa ta bi shi. Abin da ya rage kawai ta je a ɗauki hotonta da shatin yatsunta kafin ƙarshen wata, in ba haka ba takardar ta mutu, a koma farko, a sake layin shekara biyu. Ranar da ambulan ta iso ta ce masa, "Bari mu gani." Ya sake tambaya sau biyu, ta ce bari mu gani. Daga nan bai ƙara tayar da zancen ba. Ko Yaya ba ta san takardar ta zo ba. Da wane ido za ta kalli matar da ta goye ta, ta ce na tafi, ga injina uku da guga ki ji da su? Kuma ta je ta yi me a garin da ko "sannu" ba ta iya faɗa da harshensu ba? Yau saura kwana tara.

Ana cikin wannan shirun ne besbol, wasan ƙwallo da kulki, ya faɗo musu. Hanyar bas ɗin Dogo ta gaban filin wasan take bi. Ƙungiyar birnin ta kai gasar cin kofi ta ƙarshe, gari duk ya haukace, fasinjoji na shigowa da huluna iri ɗaya suna waƙa, har wata tsohuwa da za ta sauka ta cire tata ta kifa masa a ka. Ranar ya kira Auta ya yi minti arba'in yana zuba. Wasa bakwai za a yi, in ji shi, wanda ya fara cin huɗu ya ɗauki kofi. Ko rabin abin da ya faɗa ba ta gane ba, amma ta ji muryar nan, ta mutumin da ya ɗaga ƙonanniyar riga ya ce ba komai. Ta riƙe wayar da hannu biyu kamar za a ƙwace mata.

"Su waye namu?" ta tambaya.

"Masu fararen kaya. Ki duba gobe, daidai lokacin da kuke buɗe shago ake farawa. Zan turo miki inda za ki danna."

Washegari ta jingine wayar da gwangwanin sitaci, ta kashe murya, tunda ga ƙarar injina, ga masu sharhi da ba ta jin yarensu. Gilashin wayar ma a tsage yake ta gefe ɗaya, daidai inda ƙananan haruffa da lambobi suke fitowa. Amma me ruwanta da haruffa? Ita da aka haifa a cikin tufa, ko daga nesa ta san fari daga ruwan toka.

Abin da ta gane game da wasan bai taka kara ya karya ba. Wani yana jifa, wani yana tsaye da kulki yana jira, wani ya tsugunna a bayansa kamar mai ciwon ciki. Sauran suna warwatse a fili suna taunar wani abu, suna gyaran hula. Sai a yi ta tsayuwa har ta gama riga biyu ba a yi komai ba, can kuma sai a maka wa ƙwallon kulki, fili ya ɗauka, kowa ya kama gudu kamar an yi gobara. Ranar farko da ta ga wani ƙato da gemunsa ya zo a guje ya zube a jar ƙasa da farin wando, yana jan ciki, ihun da ta yi sai da Yaya ta fito daga bayan inji da kumfa a hannu.

"Lafiya?"

"Yaya, dubi abin da ya yi wa wando! Fari tas!"

Yaya ta leƙa, ta girgiza kai. "Wannan ko kwana ya yi a bilic ba zai fita ba. Allah ya saka wa mai wankinsu."

Masu fari suka ci na farko, aka cinye su a na biyu. Bayan kowane wasa Dogo ya kira, su yi awa guda. Ta tambaye shi me ya sa mai tsugunno yake wasa da yatsu tsakanin cinyoyinsa, ya yi dariya har ya ƙware. Ya bayyana mata cewa mutum sai ya zagaya kusurwa uku ya dawo inda ya tashi kafin a ba shi maki, kuma wurin nan da ya tashi sunansa gida.

"Au, gida?" ta ce cikin wasa. "To kai yaushe za ka zagayo?"

Ya yi 'yar dariya, gajera, ya canja zance. Ba ta kawo komai a ranta ba, don a kwanakin nan ranta fari ne ƙal. Tana guga tana godiya. Ta gode wa Allah, ta gode wa wanda ya ƙirƙiro wannan wasa mai wuyar ganewa, ta gode wa tsohuwa mai hula da ba za ta taɓa gani ba. Mutanen da ba su san da ita a duniya ba, suna can suna ɓata wanduna, sun dawo mata da mijinta.

Sai aka yi hutun kwana ɗaya, aka kuma canja wa Dogo lokacin aiki, ya zama yana kan hanya lokacin wasa, a rediyon bas yake saurare. Kira ya tsaya, suka koma aika saƙon murya. A wasa na uku ta lura bangon bayan fili ya sake launi, ta ce lallai mutanen nan ba sa gajiya da fenti. Masu fari suka ci, jama'ar fili suna ta tsalle. Ta danna waya bakinta har kunne: "Kai, yau na ji daɗi! Allah ya maimaita mana gobe!" Amsarsa ta zo a rubuce: "Hmm." Ta ce gajiya ce. A na huɗu masu fari suka sake ci, ci mai yawa kuwa, ta ɗauki waya tana dariya: "Ka ji yadda aka yi musu wankin babban bargo? Ni ko tausayinsu ban ji ba. Wa ya aike su garin mutane? Su tattara su koma gidansu." Wannan karon ko "hmm" ba ta samu ba. A na biyar masu ruwan toka suka ci, fili ya yi tsit, ta aika da murya a sanyaye: "Ka yi haƙuri. Ni ma raina ya ɓaci, ban so aka yi haka ba." Ya kwana ya wuni bai ce komai ba, sai yau da safe wannan daƙiƙa goma sha ɗayan.

Tana ta sake kallon guntayen wasan jiya a waya, ko za ta gano inda ta yi laifi, sai ƙararrawar ƙofa ta kaɗa. Alhamis ce, ranar Baba Mai Kwala. Tsoho ne da ya yi shekara talatin yana gyaran inji a jiragen ruwa, ya taka tashoshin duniya kala-kala. Kowace Alhamis yakan kawo riguna biyar ya karɓi biyar, kuma ba ya tafiya sai ya kai kowace kwala bakin taga ya duba ta a haske, shi ya sa sunan ya bi shi.

"Sannu da zuwa, Baba," suka haɗa baki.

"Yauwa, 'ya'yana. Ya ruwa, ya wuta?" Haka yake gaishe su kullum, ruwa na Yaya, wuta na Auta. Ya ɗauki rigar farko zai nufi taga, sai ya tsaya ya kalli fuskar Auta ta saman tabarau. "Wutar tamu yau ta yi sanyi. Wa ya taɓa min ke?"

"Ba komai, Baba."

"Ƙarya take," in ji Yaya. "Ita da mijinta ne suka yi faɗa a kan wasan kulki. Ka taɓa jin irin wannan? Mutane na faɗa a kan abin kirki."

Baba ya matso ya leƙa wayar, nan take fuskarsa ta washe. "A'a! Besbol! Yau shekara nawa rabona da shi. Akwai tashar da jirginmu ya lalace muka yi wata huɗu, ba aikin yi sai zuwa fili. Wa kike bi a ciki?"

"Na garin maigidana. Masu fararen kaya."

"To madalla. Nawa da nawa ake?"

"Uku muke da shi, suna da biyu. Saura ɗaya mu ɗauki kofi." Muryarta ta karye. "Shi ne duk ranar da muka ci na taya shi murna, ya share ni. Jiya aka cinye mu na yi masa jaje, ya ce wai magana nake gaya masa."

Baba ya dube ta. Ya ajiye rigar, ya cire tabarau ya goge, ya mayar. "'Yata, wasa na ɗaya da na biyu a ina aka yi?"

"A garin maigidana."

"Na uku zuwa na biyar fa?"

"A garinsu mana. Fenti kawai suka sake."

Kafaɗun tsohon suka fara rawa. Ya yi ƙoƙari ya danne, abin ya fi ƙarfinsa, ya dafa tebur yana dariya har da tari. Yaya ta miƙo masa ruwa tana cewa, "Baba, ka faɗa mana mu taya ka."

"Ki yafe min, 'yata, ba ke nake yi wa ba. To, ke ɗin ce, amma ki yafe min." Ya share ido. "A wasan nan ba ƙungiya ce ke da fari ba. Fari na mai gida ne. Duk wanda ake wasa a filinsa shi ke sa fari, baƙo ya sa ruwan toka. An yi biyu a garin mijinki, aka tashi aka koma garin waɗancan aka yi uku. Ba fenti aka sake ba, fili aka sake."

Auta ta yi tsuru-tsuru. "A'a, Baba. Shi da bakinsa ya ce min masu fari."

"Ranar da ya faɗa gaskiya ya faɗa. Kawo wayar." Ya tsayar da hoton, ya buɗa shi da yatsu biyu har ƙirjin wani mai ruwan toka ya cika gilashin. "Baƙi sukan rubuta sunan garinsu a ƙirji, don a san daga inda suka fito. Karanta nan. Ba sunan garin mijinki ba ne?"

Haruffan a karkace suke, masu jela, irin na ado. Auta ta ƙura musu ido. Ba ta yarda ba, sai ta gwada da rubutu na sosai. Ba tare da ta yi tunani ba ta ja aljihun tebur, ta ɗaga gwangwanin maɓallai, ta zaro ambulan ɗin, ta kara adireshin da ke bayanta kusa da wayar. Harafi da harafi, iri ɗaya.

 Kwana uku tana goyon bayan abokan gaba. Ranar da aka cinye su Dogo ta ce ta ji daɗi, Allah ya maimaita. Ranar da suka ci ta ce ranta ya ɓaci. Sai kuma maganar nan ta dawo mata, da muryarta, da dariyarta: wa ya aike su garin mutane? Ta faɗa wa mutumin da yake tuƙa bas shi kaɗai a garin mutane, yana jin ana dukan ƙungiyarsa a rediyo, yana jiran matar da ta ce masa bari mu gani.

"Wayyo ni," ta ce, ta zauna a kan buhun wanki. "Wayyo Dogo."

"Ba wani abu ba ne," in ji Baba a hankali. "Mai wanki ta bi tufa, wa zai ga laifinta? Ni na taɓa yin sati ina yi wa mai tsaron ƙofa tafi, na ɗauka shi ne kocin."

Amma Yaya ba ta yi dariya ba. Ambulan ɗin ce a hannunta, ta riga ta zaro takardar, tana bin layin da yatsa mai danshi. Ta kai kan kwanan watan ta tsaya.

"Auta. Yaushe wannan ta zo?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Da ke nake."

"Wata uku."

Baba Mai Kwala ya tattara rigunansa biyar, karo na farko a tarihin shagon ba tare da ya kai ko ɗaya taga ba. A bakin ƙofa ya juyo. "Gobe za a koma garin mijinki, 'yata. Gobe kam ki bi fari, ba kuskure." Ya ja ƙofa a hankali.

Yaya ta kashe injin wanki, abin da ba ta yi sai an ɗauke wuta. Shagon ya yi shirun da Auta ba ta saba ji ba.

"Wata uku takarda na ƙarƙashin maɓallai. Saboda me?"

"Wa zai yi miki guga?" Hawayen da ta riƙe tun safe suka ɓalle. "Bayanki na ciwo, kina ɓoyewa, ina gani. In tafi in bar ki da wannan duka?"

"Au, ni ce? Ni kika mayar ƙusar da kika rataye aurenki?" Yaya ta riƙe ƙugu. "Ke, ni na goye ki a shagon nan ina wanki da hannu, ba inji ko ɗaya. Masu neman aikin guga sun fi maɓallan gwangwanin nan yawa. Za su ƙona min riga, to, ke ba ki ƙona ba? Har miji kika samu a kai." Ta tsugunna a gabanta, muryarta ta sauka. "In tsoro kike ji, ki ce tsoro nake ji, wannan na yarda. Amma kada ki sa sunana."

"Tsoro nake ji, Yaya."

"To yanzu kika yi magana. Shi da ya tafi shi kaɗai, kina tsammanin da kiɗa aka tarye shi?" Ta sa gefen rigarta ta goge mata fuska da ƙarfi, kamar tana wanke kwala. "Tashi. Akwai labulen mutane yana jira."

Auta ta so ta kira shi a take, amma a can mutane sun yi barci, kuma wannan ba maganar saƙon murya ba ce. Ta wuni tana guga, tana shirya kalmomi tana rushewa.

Washegari tun kafin Yaya ta gama ɗaga ƙofar shago Auta ta danna kira. Ya yi ta ƙara har ta fid da rai, sannan aka ɗauka. Fuskarsa ta fito, da hular tsohuwar nan a ka, yana zaune bakin gado, hasken talabijin na wasa a kumatunsa. Yau ba shi da aiki.

"Ina jin ki," ya ce, ba fara'a.

Duk kalmomin da ta shirya suka gudu. "Ka ce min masu fararen kaya."

"Me?"

"Ka ce namu masu fararen kaya ne. Ba ka ce min suna canja kaya ba. Ni fari na bi. Kwana uku fari nake bi."

Ya zuba mata ido. Ta ga maganar tana shiga a hankali, ta ga girarsa ta ɗaga, bakinsa ya buɗe. "Tsaya. Wato da kika ce Allah ya maimaita..."

"Na ɗauka mu muka ci!"

"Da kika ce su koma gidansu..."

"Waɗancan nake nufi! Wato ku. A'a, wato mu. Wayyo, ka dai gane!"

Wayar ta kife a kan bargo, ba abin da take gani sai duhu, amma tana jin sa yana dariya, irin dariyar da ke fitowa daga ciki har mutum ya rasa numfashi. Yaya ta leƙo ta saman kafaɗarta ta ɗaga murya: "Kai Dogo, laifinka ne! Ka san mai guga ka aura, sai ka yi mata kwatance da tufa?"

Da ya ɗago wayar idanunsa sun yi ja, kuma Auta ta san ba dariya ce kaɗai ta jawo ba.

"Ina wuni, Yaya. Na karɓi laifina." Ya goge fuska da hular. "Mai guga, kwana huɗu ban yi barcin kirki ba. Na ce shi ke nan, ta gaji da ni, kunyar faɗa take ji."

"Ka yafe min."

"Me zan yafe? Ni ne ban yi bayani ba." Ya juya ya kalli talabijin, ya juyo da wayar don ta gani: 'yan wasa suna fitowa fili a guje, fari tas, jama'a a tsaye. "Ga su nan, yau sun dawo gida. Wa ya gane miki abin?"

"Baba Mai Kwala. Ya ce fari na mai gida ne."

"Haka ne." Ya yi ɗan murmushi, ya kalli ɗakin nasa, gado ɗaya, kujera ɗaya, firji mai gurnani. "Ni ma shekara uku ana ce min maigida. Ɗaki dai gare ni."

Bai faɗa da zafi ba, bai kuma tambaye ta komai ba. A bayansa, jikin ƙofar kabad, ta hango farar riga a rataye, ta juya baya, da shatin dutsen guga can ƙasa. Ta ji wani abu ya cika mata ƙirji. Godiya ce, mai yawa, ba ta ma san wa za ta fara ba: tsohon da ya bar kwalarsa ba dubawa, ko Yaya da ke tsaye tana yi kamar tana ware safa, ko wannan dogon mutum da ya tsallaka teku da ƙonanniyar riga, ko ma kuskuren nata, wanda ba don shi ba da ambulan na nan ƙarƙashin maɓallai har wata ya mutu.

A talabijin aka maka wa ƙwallo kulki. Dogo ya miƙe tsaye yana ihu, hoton ya yi ta girgiza, ta hango wani mai farin wando ya zagayo kusurwa ta uku a guje, ya zube a jar ƙasa yana jan ciki.

"Ya shiga! Mai guga, kin gani? Ya shiga gida! Wannan namu ne, kada ki yi min jaje!"

"Na gani. Wandon kuma ya tafi." Ta ja numfashi. "Dogo, zauna. Wannan rigar da ke bayanka, wa ke goge maka ita?"

"Ni mana."

"Shi ya sa kwalar ta karye. Kada ka ƙara taɓa ta." Ta miƙa hannu ta ɗauki ambulan ɗin daga kan tebur, ta ɗaga ta yadda zai gani, ta juya kuma ta kalli Yaya, ta faɗa da ƙarfi, sama da ƙarar injina biyu da ihun filin da ke can ƙarshen duniya:

"Yaya, ki nemi mai guga. Yau ɗin nan zan je a ɗauki yatsuna. Zan tafi wurin maigidana."